Ilimin da Ake Tsintowa a Ɓaraguzai: Tarihin Zumuncin Injiniyoyin Kare Gini daga Girgizar Ƙasa

Sana'ar injiniyan gini, wato masanin da ke lissafa kaurin ginshiƙi da yawan rodi da zurfin harsashi domin gini ya iya ɗaukar kansa da abin da ke cikinsa, tana da wani reshe da ya bambanta da sauran rassa ta fuskar yadda ake samun iliminsa, shi ne reshen kare gine-gine daga girgizar ƙasa. Injiniyan da ya yi kuskure a lissafin nauyin da ke danna gini daga sama yakan ga sakamakon kuskurensa da zarar an cire katakon da ya tallafi kankare, amma wanda ya yi kuskure a lissafin girgiza yana iya tsufa a sana'ar har ya bar duniya ƙasa ba ta taɓa jarraba aikinsa ba, domin babbar girgiza takan yi shekara 50 ko 100 kafin ta sake waiwayar gari guda. Saboda haka babu mutum ɗaya, kuma babu ƙasa ɗaya, da ta ga abin da zai ishe ta kafa wannan ilimi ita kaɗai. Wannan ƙarancin ne ya haifar wa masu sana'ar wata al'ada da ba a cika gani ba tsakanin mutanen da ke takarar kwangila a kasuwa ɗaya, ta zuwa inda gini ya faɗi a auna a rubuta, sannan a bayyana wa abokin takara abin da aka gano. Daga wannan al'ada ne ƙungiyoyinsu da lasisinsu da lambobin yabonsu suka tsiro, kuma tarihin ya fi fitowa fili a ƙasar Japan da jihar Kalifoniya ta Amurka.

Ginin da aka tsara don ɗaukar nauyi kawai yana tsaye ne bisa zaton cewa duk ƙarfin da ke kansa yana gangarowa daga rufi zuwa ginshiƙi zuwa harsashi. Idan ƙasa ta girgiza, harsashin ne yake zabura gefe, yayin da saman ginin saboda nauyinsa yake neman zama inda yake, sai ginshiƙai da bangaye su kasance tsakanin ƙasan da ya tafi da saman da ya ƙi tafiya, kuma wannan fizga takan maimaitu gaba da baya sau da yawa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Yawan wannan ƙarfi na gefe ya danganta da nauyin ginin da tsayinsa da irin ƙasar da yake kai, kuma har zuwa shekarar 1933 babu wanda ya taɓa samun ma'auninsa a kusa da inda girgiza ta yi ɓarna.

A Japan aka fara mayar da lamarin aikin ƙungiya. Gwamnatin zamanin Sarki Meiji ta ɗauko malamai daga Turai domin koyar da kimiyya da fasaha, cikinsu har da John Milne, masanin haƙar ma'adinai ɗan Ingila da ya isa Tokiyo a 1876. Bayan girgizar da ta taɓa Yokohama a watan Fabrairun 1880, Milne da James Ewing da Thomas Gray tare da abokan aikinsu Japanawa suka kafa ƙungiyar nazarin girgizar ƙasa ta Japan, wadda ita ce irinta ta farko a duniya, suka kuma ƙera na'urorin rubuta motsin ƙasa. Girgizar Mino-Owari ta ranar 28 ga Oktoba, 1891, wadda ta hallaka fiye da mutum 7,000, ta rushe masana'antu da ofisoshin da aka gina da jan bulo bisa salon Turai, abin da ya nuna cewa ginin da ya dace da ƙasar Ingila mai kwanciya bai dace da Japan ba. A 1892 gwamnati ta kafa kwamitin binciken girgizar ƙasa na masarauta, inda ta haɗa masanan ƙasa da masu zanen gini da injiniyoyi a zaure ɗaya, ta kuma ɗora musu buga abin da suka gano.

Wannan shiri ne ya sa lokacin da girgiza da gobara suka cinye San Faransisko ranar 18 ga Afrilu, 1906, Japan ta tura masananta don su gani da idanunsu, cikinsu akwai Fusakichi Omori da wani matashin malamin gini mai suna Toshikata Sano. Sun isa birnin ne a lokacin da ƙyamar Japanawa ta yi tsanani a Kalifoniya, har aka jefi Omori da duwatsu a titi, amma hakan bai hana su kammala aikin da suka zo yi ba. A ɓangaren Amurka an sami rahoton kwamitin Andrew Lawson na 1908, wanda har yau ake komawa gare shi, an kuma kafa ƙungiyar nazarin girgizar ƙasa ta Amurka a 1906. Sai dai 'yan kasuwar birnin, saboda tsoron kada masu zuba jari su gudu, sun fi son a kira masifar da sunan gobara, kuma dokar ginin da aka sake gina birnin a kanta ta wadatu da lissafin ƙarfin iska. Sano kuwa ya koma gida ya ci gaba da tunani a kan abin da ya gani, har ya fitar da hanyar da aka buga a 1916, wadda ke cewa a ɗauka akwai wani ƙarfi da ke tura gini ta gefe daidai da wani kaso na nauyinsa, a kuma tsara ginin ya jure shi. Injiniyoyin Italiya sun riga sun kai ga irin wannan dabara bayan girgizar Messina ta Disambar 1908, inda kwamitinsu ya ba da shawarar kashi ɗaya bisa 12 na nauyi ga hawan ƙasa da ɗaya bisa 8 ga na sama. Kasancewar ɓangarorin biyu sun sha wahalar gano abu ɗaya kowa a harshensa ya nuna irin asarar da rashin dandalin haɗuwa yake jawowa a wancan zamani.

Hanyar Sano ta sami gwajinta a hannun ɗalibinsa Tachu Naito na Jami'ar Waseda, wanda ya yi imani da bangon kankare mai rodi da ake dasawa a cikin ƙashin gini tun daga harsashi har sama domin ya hana shi karkacewa. Ginin Bankin Masana'antu na Japan da Naito ya tsara da ma'aunin ɗaya bisa 15 an kammala shi ne 'yan watanni kafin babbar girgizar Kanto ta ranar 1 ga Satumba, 1923, wadda ita da gobarar da ta biyo baya suka kashe fiye da mutum 100,000 a Tokiyo da Yokohama. Ginin ya fita kusan lafiya lau, alhali wasu manyan benayen da aka yi bisa salon Amurka sun yi mummunar tsagewa. A 1924 Japan ta sanya ma'aunin kashi ɗaya bisa 10 a cikin dokar ginin birane, a 1925 kuma ta buɗe cibiyar binciken girgizar ƙasa a Jami'ar Tokiyo. Duk da haka gardama ba ta ƙare ba, domin injiniya Kenzaburo Majima ya shafe shekaru yana jayayya da Sano da mabiyansa a shafukan mujallu, yana cewa gini mai lanƙwasa ya fi mai tauri tsira. Babu wanda ya iya kayar da ɗan'uwansa da hujja, saboda duka ɓangarorin ba su da rubutaccen ma'aunin yadda ƙasa take motsi a babbar girgiza. Na'urorin da ake da su an ƙera su ne don jin motsi mai nisa, kuma allurarsu takan fice daga kan takarda idan girgizar ta zo kusa.

Wanda ya fi kowa matsa lamba a toshe wannan giɓi shi ne John R. Freeman, injiniyan ruwa kuma shugaban wani kamfanin inshorar masana'antu a Amurka, wanda ya shiga lamarin yana da shekara kimanin 70. Freeman ya halarci taron injiniyoyi na duniya a Tokiyo a 1929 tare da R. R. Martel na kwalejin Caltech, ya ga irin nisan da Japanawa suka yi, ya dawo ya shirya aka gayyato Kyoji Suyehiro, shugaban cibiyar Tokiyo wanda asalinsa masanin ƙera jiragen ruwa ne, ya gabatar da laccoci a manyan jami'o'in Amurka a ƙarshen 1931. Suyehiro ya bayyana musu abin da Japan ta sani, ya kuma fito fili ya faɗi abin da ya gagare ta, ya roƙi Amurkawa su ƙera na'urar da za ta iya rubuta motsi mai ƙarfi. Freeman ya bi ofisoshin gwamnati a Washington har hukumar safiyon gaɓar teku ta karɓi aikin, aka fara girka na'urorin a Kalifoniya a 1932. Suyehiro ya rasu a watan Afrilun wannan shekara, Freeman kuma a watan Oktoba, watanni biyar kafin na'urorin su kama rubutunsu na farko a girgizar Long Beach ta ranar 10 ga Maris, 1933.

A daidai wannan lokaci ne batun martabar sana'ar ya taso a Kalifoniya. Kafin nan injiniyan ƙashin gini yakan yi aiki ne a ƙarƙashin mai zanen gini, ana biyansa abin da aka ga dama, sunansa ba ya fitowa, kuma doka ba ta hana kowa kiran kansa injiniya ba. Ɓallewar madatsar ruwa ta St. Francis a watan Maris na 1928, wadda ta ci rayuka fiye da 400, ita ta sa majalisar jihar ta kafa dokar rajistar injiniyoyi a 1929, aka kuma ware laƙabin injiniyan ƙashin gini a 1931 ga wanda ya cika ƙarin sharuɗɗa. Masu sana'ar sun kafa ƙungiyarsu a kudancin jihar a 1929, a arewaci a 1930, sannan suka haɗe a 1932 a ƙarƙashin uwar ƙungiya da aka fi sani da SEAOC. Ba za a ɓoye cewa neman kuɗin aiki mai kyau da neman mutunci suna cikin abin da ya tara su ba, amma girgizar Long Beach ta ba laƙabin nauyin da ya wuce haka. Ta afku da ƙarfe 5:54 na yammacin Juma'a, bayan an tashi daga makaranta, ta rushe makarantu da dama na jan bulo waɗanda da a ce da rana ne da suna cike da yara. Cikin wata guda majalisa ta zartar da dokar Field, wadda ta wajabta cewa mai lasisi ne kaɗai zai tsara ginin makarantar gwamnati, ofishin jiha ya duba lissafinsa, sannan a ajiye mai sa ido a wurin aikin har a gama. Muhimmancin wannan doka shi ne ta ɗaure girmamawa da alhaki a igiya ɗaya, domin wanda aka ba laƙabi shi ne zai sa hannu, kuma wani masani dabam zai bi bayansa ya tantance.

Rubutun da na'ura ta kama a garin El Centro ranar 18 ga Mayu, 1940, wanda ya nuna fizgar da ta kai kimanin kashi ɗaya bisa 3 na ƙarfin da ke janyo abu zuwa ƙasa, ya zama dukiyar kowa, domin an shafe shekaru masu yawa injiniyoyi daga Tokiyo zuwa Santiago suna gwada lissafinsu da shi. Abin da ya ba shi amfani shi ne dabarar da Maurice Biot ya fara a Caltech a farkon shekarun 1930, George Housner kuma ya raya ta. Kowane gini yana da lokacin lilonsa, wato tsawon lokacin da yake ɗauka ya karkata ya dawo idan an ture shi an saki, kuma a ƙiyasi bene mai hawa 10 yakan ɗauki kusan daƙiƙa ɗaya. Dabarar ita ce a ɗauki rubutun girgiza guda a lissafa irin ƙarfin da zai faɗa wa gini mai kowane lokacin lilo, a zana sakamakon a jadawali ɗaya da injiniya zai duba. Da wannan ne tsohuwar gardamar Sano da Majima ta sami mafita, domin ya bayyana cewa kowannensu yana da gaskiya a wani yanayi, gwargwadon tsayin ginin da irin ƙasar da ke ƙarƙashinsa.

A 1948 wasu 'yan tsirarun malamai da injiniyoyi, cikinsu da Housner da Martel da John Blume da Lydik Jacobsen na Jami'ar Stanford wanda ya zama shugaba na farko, suka kafa cibiyar binciken injiniyancin girgizar ƙasa, wadda ake kira EERI. Niyyarsu ta farko ita ce su sami kuɗi su buɗe ɗakin gwaje-gwaje, da kuɗin bai samu ba sai cibiyar ta rikiɗe ta zama majalisar masana, wadda har zuwa 1973 sai an gayyaci mutum yake shiga. Ita ce ta shirya taron duniya na farko a kan wannan fanni a Berkeley a 1956, don tunawa da cika shekara 50 da girgizar San Faransisko, inda aka gabatar da maƙaloli kimanin 40. Shekara 11 kacal ke nan da ƙare yaƙin da Amurka da Japan suka gwabza, amma Japanawa sun halarta da maƙalolinsu, su ne kuma suka karɓi baƙuncin taro na biyu a Tokiyo da Kyoto a 1960 a ƙarƙashin jagorancin Kiyoshi Muto. Daga nan aka kafa ƙungiyar injiniyancin girgizar ƙasa ta duniya a 1963, mai hedikwata a Tokiyo, Muto ya zama shugabanta na farko. Taron ya ci gaba da zagayawa kusan duk bayan shekara huɗu, ya je Niyu Zilan a 1965, Chile a 1969, Italiya a 1973, Indiya a 1977 da Turkiyya a 1980, har zuwa na 18 da aka yi a Milan a 2024. Wani abin da ya fi taron tasiri, ko da yake ba a cika ambatonsa ba, shi ne kwas ɗin horarwa da Japan ta fara a 1960 ta mayar da shi cibiya a 1962 tare da tallafin UNESCO, inda matasan injiniyoyi daga Asiya da Kudancin Amurka da Afirka suke zama kusan shekara guda su koma su koyar a ƙasashensu. Makarantar da Jai Krishna ya kafa a Roorkee ta Indiya a 1960, da cibiyar da aka buɗe a Skopje a 1965 bayan girgizar da ta rusa birnin a 1963, duk rassa ne na wannan yunƙuri.

A cikin gida kuwa, aikin da ya fi ɗaukaka sunan injiniyoyin Kalifoniya shi ne ɗan littafin da ake kira Shuɗin Littafi saboda launin bangonsa. A ƙarshen shekarun 1950 birnin Los Anjelis ya ɗage dokar da ta taƙaita bene a hawa 13, alhali ƙa'idojin lissafi na kudu da na arewacin jihar sun saɓa wa juna, sai SEAOC ta naɗa kwamiti na masu ofisoshi masu zaman kansu, waɗanda suka yi aikin kyauta a lokacin da ya kamata su nemi na kansu, suka fitar da ƙa'ida ɗaya a 1959. A shekarar da ta biyo baya suka ƙara mata sharhi mai bayyana dalilin kowane sashe da inda iliminsu ya tsaya, kuma wannan sharhi ya fi ƙa'idar kanta daraja, domin ya ba na baya damar su gane abin da za su gyara idan sabuwar hujja ta zo. Dokar gini ta yammacin Amurka ta ɗauki ƙa'idar a 1961, ƙasashe da yawa kuma suka kwaikwaya. A wannan shekarar ce Blume da Nathan Newmark da Leo Corning suka wallafa littafinsu a kan benayen kankare, inda suka jaddada wata siffa da ta zama ginshiƙin fannin, wato iyawar gini ya lanƙwasa ya tsage ba tare da ya karye ya zube ba. A ginshiƙin kankare ana samun wannan siffa ne ta hanyar matso da zobban rodin da ke ɗaure dogayen rodi kusa da juna, a kuma lanƙwasa bakinsu zuwa ciki domin su riƙe kankaren idan ya farfashe.

Gaskiyar wannan koyarwa ta bayyana ranar 9 ga Fabrairu, 1971, a girgizar San Fernando, wadda ta kashe mutum fiye da 60, akasarinsu a wani tsohon asibitin tsofaffin sojoji. Abin da ya fi tayar wa injiniyoyi hankali shi ne asibitin Olive View, sabon gini da aka buɗe 'yan watanni kafin nan bisa dokar da ke aiki a lokacin, wanda hawansa na ƙasa ya karkace har aka rushe shi daga baya. Masu binciken sun tarar da cewa ginshiƙan da aka naɗe da rodi kamar igiya sun lanƙwasa ƙwarai amma suna ɗauke da nauyinsu, yayin da na kusurwa masu zobba jefi-jefi suka tarwatse. Na'urar da ke madatsar Pacoima kuma ta rubuta fizgar da ta zarce cikakken ƙarfin janyowar ƙasa, ninkin-ba-ninkin abin da dokoki suka tanada. Tun kafin wannan lokaci mutane irin su Henry Degenkolb da Karl Steinbrugge sun saba zuwa wuraren da girgiza ta afku, kamar Alaska a 1964 da Caracas a 1967, suna ɗaukar hotuna suna dawowa su nuna wa 'yan'uwansu, bisa fahimtar cewa gani ya kori ji. A 1973 EERI ta mayar da wannan ɗabi'a tsayayyen shiri mai suna koyo daga girgizar ƙasa, wanda ke tura tawaga cikin kwanaki kaɗan, kafin a kwashe ɓaraguzai, ta rubuta rahoton da kowa zai iya karantawa.

Gudummawar Niyu Zilan, ƙasar da yawan mutanenta bai kai na babban birni guda na Japan ba, ta nuna amfanin buɗe ƙofa. Robert Park da Thomas Paulay na Jami'ar Canterbury sun bayyana a littafinsu na 1975 cewa tunda ba a san girman girgizar da za ta zo ba, injiniya ya zaɓi inda yake so ɓarnar ta tsaya, wato a ƙarshen gadojin kankare da ke kwance, ya kuma ƙarfafa ginshiƙai fiye da su domin benen kada ya durƙushe. Wannan tsari yanzu yana cikin dokokin Turai da Amurka da wasu ƙasashe masu yawa.

Babban gwajin gaskiyar wannan zumunci ya zo ne ranar 17 ga Janairu, 1994, a girgizar Northridge. Shekaru da dama an ɗauka cewa ƙashin gini na ƙarfe da aka haɗa da walda shi ne mafi aminci, har dokar gini ta zana yadda za a yi mahaɗin ta ce wanda ya bi zanen ba ya bukatar gwaji. Babu benen ƙarfe da ya faɗi a Northridge, kuma da an so da an yi shiru, amma da aka ɓare rufin da ke lulluɓe da mahaɗan sai aka ga waldar ta tsage a gine-gine fiye da 100. Manyan masu sana'ar, waɗanda da yawansu da hannunsu suka tsara irin waɗannan benaye, sun amince a bainar jama'a cewa abin da suka koyar yana da aibi, aka janye zanen daga doka a wannan shekarar, aka kuma haɗa SEAOC da jami'o'i a wani bincike na shekara shida da hukumar agajin gaggawa ta tarayya ta biya, wanda ya fitar da sababbin ƙa'idoji a 2000. Shekara guda cif bayan Northridge girgizar Kobe ta kashe fiye da mutum 6,000, kuma binciken da Japanawa da baƙi suka yi ya nuna cewa gine-ginen da aka yi bayan gyaran dokar Japan na 1981 sun fi na gabaninsu tsira nesa ba kusa ba.

Yabo a wannan sana'a yana da wuyar sha'ani, domin nasarar injiniyan girgiza ita ce ginin da bai faɗi ba, kuma ginin da bai faɗi ba ba ya shiga labarai. Shi ya sa yabon da ke da ƙima a wurinsu shi ne na takwarorinsu, waɗanda suka san abin da aka kauce masa. Gwamnatin Amurka ta ba Newmark lambar kimiyya ta ƙasa a 1968, ta ba Housner a 1988, EERI kuma ta ƙirƙiri lambar yabo mai sunan Housner da aka fara bayarwa a 1990, wadda ake ba wanda ya daɗe yana hidimar kare jama'a daga girgiza. Mafi amfani ga na baya shi ne jerin littattafan hira da dattawan sana'ar da aka fara bugawa a 1994 da Degenkolb da Blume, inda Stanley Scott ya zauna da su suka ba da labarin yadda aka yanke shawarwari a kwamitoci, da wanda ya yi jayayya da wa, da lambobin da aka sanya a doka bisa ƙiyasin gwanaye saboda babu gwaji a lokacin. Irin wannan bayani ba ya shiga maƙala, kuma da ba a rubuta shi ba da ya tafi da masu shi.

Lasisi shi kaɗai bai taɓa zama garkuwa ba. A 2005 aka gano a Japan cewa wani mai lasisin zanen gini ya yi ta ƙirƙirar lissafin ƙarya a gidajen bene da otal-otal masu yawa domin rage rodi, kuma hukumomin tantancewa ba su lura ba, abin da ya sa aka gyara doka aka wajabta wa manyan gine-gine duban ƙwararre na biyu, aka kuma ƙirƙiri laƙabi na musamman ga masu lissafin ƙashin gini. A Christchurch ta Niyu Zilan, daga cikin mutum 185 da girgizar 22 ga Fabrairu, 2011 ta kashe, 115 sun mutu ne a ginin CTV kaɗai, kuma hukumar binciken da aka kafa ta gano cewa wanda ya tsara shi a 1986 ba shi da gogewar da irin wannan bene yake bukata, ba a kuma sa masa ido yadda ya kamata ba. Wannan ya faru ne a garin da Park da Paulay suka koyar.

Inda zumuncin ya fi gazawa shi ne wajen kai ilimin ga talaka, domin mafi yawan waɗanda girgiza ke kashewa a duniya suna zaune ne a gidajen da injiniya bai taɓa gani ba. A 2010 girgiza mai ma'auni 8.8 ta kashe mutum ɗari biyar da 'yan kai a Chile, inda ake bin doka, yayin da mai ma'auni 7.0 ta kashe fiye da 100,000 a Haiti. Turkiyya tana da ƙwararrun masana da dokar gini ta zamani, amma ta rasa fiye da mutum 50,000 a watan Fabrairun 2023, bayan shekaru na yafe wa masu ginin da ya saɓa wa ƙa'ida. Wasu daga cikin masu sana'ar sun daɗe da ganin wannan giɓi. A 1986 ƙungiyar duniya ta fitar da jagora ga gidajen da ake ginawa ba tare da injiniya ba, aikin da Anand Arya na Indiya ya jagoranta, a 2000 kuma ita da EERI suka buɗe kundin gidajen duniya a intanet, inda injiniyoyin sa-kai suke bayyana irin gidan da ake ginawa a yankinsu, na laka ko na dutse ko na bulo, da yadda ya kasance a girgizar da ta wuce, wasu kuma su tantance kafin a wallafa. Daga irin wannan aiki ne aka ƙara yaɗa wata hanya da magina a Chile da Meziko da Peru suka daɗe suna bi, wadda a cikinta ake fara ɗora bangon bulo a bar bakinsa da haƙora, sannan a zuba ƙananan ginshiƙan kankare a kusurwoyi da gefen ƙofofi, a ɗaure saman bangon duka da linta mai zagaye gidan, ta yadda kankare da bulo za su kama juna. An zana wannan hanya a ƙananan littattafai masu hotuna da aka fassara zuwa harsuna da dama, kuma da irinsu aka horar da magina a Haiti bayan 2010.